Fitilar Tarakta a Gonakin Damagaram: Ina Ya Kamata a Ɗaura Ta?



Damina a jihar Damagaram gajeriya ce, daga Yuni zuwa Satumba, kuma idan ruwan shuka ya sauka jigawa ba ta riƙe laima fiye da 'yan kwanaki. Taraktocin da ke akwai ba su wadaci kowa ba, yawancinsu na haya ne, guda ɗaya ke zagaya ƙauyuka, manoma na layi kowa na so a yi masa kafin ƙasa ta bushe. Shi ya sa direba ba ya tashi da magariba, ga shi kuma aikin dare ya fi wa mutum da inji sauƙi a kan zafin rana. Fitilun da tarakta ke zuwa da su daga kamfani biyu ne na gaba, na bin hanya, sai wata ƙarama a baya idan ba ta riga ta mutu ba. Mai tarakta sai ya sayo doguwar fitilar LED, a ɗaura masa ita a saman rumfa tana kallon gaba, kamar yadda ya gani a kan Hilux masu shiga daji. Abin da wannan takarda ke son tabbatarwa shi ne wannan wuri ne ya kamata ya zo a ƙarshe. Fitilar ƙari ta farko ta baya ce, ta biyu ta ƙasa ce a gaba, kuma inda aka ɗaura fitila ya fi ƙarfin haskenta muhimmanci.

Hujjar farko ƙura ce. Haske idan ya bugi ƙwayar ƙura, wani kaso nasa yana komawa ta hanyar da ya fito. Saboda haka iya kusancin fitila da idon direba, iya yawan hasken da ƙura za ta watso masa a fuska. Fitilar rumfa ba ta wuce kamu biyu ko uku sama da kan direba ba, ga shi an saita ta ta haska nesa, wato sai haskenta ya ratsa ƙura mai kauri kafin ya taɓa ƙasa. Abin da direba ke gani a nan farin bango ne, kuma ƙara ƙarfin fitila ƙara wa bangon fari ne kawai. Duk wanda ya tuƙa mota daga Zinder zuwa Tanut cikin hazo ya san doguwar fitila makantarwa take, gajeriya ce ke nuna kwalta, kuma dalilin da ya sa masu ƙera motoci ke saka fitilar hazo can ƙasa ke nan. A gona lamarin ya fi tsanani, domin taraktar ce da kanta ke tayar da ƙurar, kuma da ta juya a bakin iyaka za ta shiga cikin abin da ta tayar. Ban da wannan, fitilar rumfa tana haska bonet da salansa, su riƙa ƙyalli a gaban direba, ido ya tsuke, abin da ke bayansu ya ƙara duhu.

Hujja ta biyu itatuwa ne, kuma nan ne gonarmu ta bambanta da gonakin da aka ƙera waɗannan fitilu domin su. Tun daga shekarun 1980 manoman Magarya da Matamaye da Mirya suka koma barin tsiron itace a gona suna yi masa gyara, abin da ake kira sassaben zamani, har yankin ya yi suna a duniya da gawo. Reshen gawo mai ƙaya ba ya barin abin da ya ɗara rumfa tsawo. Ko ya fasa gilashin, ko ya fizge waya. Wannan asarar mai tarakta ce. Asarar manomi ta fi ta, domin ƙaramin gawo da bai wuce gwiwa ba, wanda kuma ya kakkaɓe ganye da damina kamar yadda gawo ya saba, kusan ba ya ganuwa a hasken da ke saukowa daga sama, tunda inuwarsa na faɗawa ƙarƙashinsa. Fitilar da aka ɗaura ƙasa, kusa da inda ake rataya ƙarafan nauyi a goshin tarakta, haskenta yana shafar ƙasa ne a kwance, sai ƙaramin tsiro ya ja doguwar inuwa, haka kututture, haka rami, haka bakin kunyar da aka yi a zagayen baya. Direba da inuwar nan yake gane gona. Faifan haro kuwa da bugu ɗaya zai kashe itacen da aka shekara uku ana tattalinsa.

Duk da haka baya ce ke kan gaba, saboda a can aikin yake, a can kuma mutane suke. Garma da haro da tirela duka a baya ake ɗaura su. A can yaron mota ke durƙusawa yana zura fil tsakanin tarakta da abin da za ta ja, direba na ja da baya a hankali, hannun yaron na tsakanin ƙarfe biyu. A can ne sandar da ke juya injin sussuka take, wadda ke zagayawa sau 540 a minti, wato sau 9 a daƙiƙa guda. Idan ta kama bakin riga ko rawani ko mayafi, kafin a kai ga kashe inji mai afkuwa ta afku. Fitila ɗaya a tsakiya ba ta wadatarwa, domin jikin wanda ke aikin ne zai tare ta, ya jefa hannunsa cikin inuwarsa. Biyu ake so, ɗaya a kan kowane madigadi, a matsar da su gefe, a sunkuyar da su su haɗu a kan maɗaurin da taku uku zuwa huɗu bayansa, kuma su zama masu baza haske, ba masu harba shi nesa ba. Kowace tana share inuwar 'yar'uwarta, kuma da yake tafiyar hasken gajeriya ce, ƙurar da zai ratsa kaɗan ce.

Za a ce manyan taraktocin Turai da Amurka ai a saman ɗakin direba fitilunsu suke jere, kuma injiniyoyin da suka tsara su ba su jahilci aikinsu ba. Gaskiya ne, sai dai an tsara su don garma mai faɗi, da gonar da babu itace a tsakiyarta, da direban da gilashi ya rufe. Namu a fili yake zaune, kuma da damina fitilar da ke bisa kansa tattaro masa shinge da sauran ƙwari take, su cika masa fuska da wuya. Amfanin fitilar sama da ba a musu shi ne lodi: tarakta a tsaye, ana jibga damman gero ko buhuna, babu ƙura. Wanda ke da halin ta uku ya ɗaura ta don wannan, da makunninta daban. Za a kuma ce fitilar ƙasa laka za ta rufe ta a fadamun Korama, ko kara ya fasa ta. Wannan ƙorafi ne mai tushe, amma maganinsa ragar ƙarfe ce da tsumma, da sayen fitila mai lambar IP67, wadda ke nufin ƙura ba ta shiga, ruwa ma ba ya shiga cikin sauƙi.

Akwai kuskure biyu na gareji da ba su kamata a wuce su ba. Ƙarfen nan mai lanƙwasa da ke tsaye a bayan kujera a wasu taraktoci an yi shi ne don ya tare direba idan tarakta ta kife, kuma masu ƙera shi sun hana a huda shi ko a yi masa walda, domin yana raunana. Da maƙala mai noti ake ɗaura masa fitila. Na biyu lissafin wuta ne. Ƙwan halojin mai wat 55 a kan batir mai bolt 12 yana jan amfiya kusan 4.6, guda huɗu sun haura 18, wanda nauyi ne ga tsohuwar Massey Ferguson da ba a sauya mata abin cajin batir ba. LED huɗu masu wat 27 kimanin rabin haka suke ja. Ko wacce aka zaɓa, a ba ta fis nata, a zura wayar cikin roba, a nisanta ta da salansa, tunda tarakta tana aiki ne cikin kara da ƙaiƙayi.

Saura hanya. Yarjejeniyar Biyana ta 1968 kan zirga-zirga ta keɓe ja ga bayan abin hawa, kuma hikimar a bayyane take: mai babur da ya taso daga Takeita zuwa Matamaye, ya hango farin haske biyu a gabansa, zai ɗauka mota ce ke tunkaro shi, ya kauce ta inda bai kamata ba. Don haka fitilun madigadi su kasance da makunni nasu, a kashe su da zarar taya ta hau kwalta, a manna jan abin ƙyalli a bayan tirela.

Roƙona ga ƙungiyoyin manoma da masu ba da hayar tarakta shi ne kafin ruwan shuka na bana, su kai taraktocinsu fili da dare, a tayar da ƙura, a kunna fitilun ɗaya bayan ɗaya, direba na kan kujera, yaron mota na durƙushe a maɗauri, su biyun su faɗa wa makanike inda zai ɗaure noti.