Ɓera Ba Ɓarawon Hatsi Kaɗai Ba Ne

Yau maganarmu a kan ɓera take, wanda ku mutanen Gobir kuke ce wa kusu. Manoman Tozai, da na Isa, da na Sabon Birni, ku kasa kunne, domin kaka ta yi, dammunan gero suna shiga rumbu, ɓera kuwa yana biye da su.

Kowa ya san ɓarnarsa ga hatsi. Amma akwai wadda ta fi wannan. Cikin fitsarinsa da kashinsa da yawunsa yakan ɗauki waɗansu ƙwayoyin cuta da ido ba ya gani. Ɗaya daga cikinsu ita ce Hanta. Kada sunan ya ruɗe ku, ba hantar ciki ake nufi ba. Sunan wani kogi ne, Hantan, a ƙasar Koriya. Lokacin yaƙin Koriya, daga 1950 zuwa 1953, sojoji fiye da 3,000 suka kwanta da ita, ba a san mafarinta ba. Sai a 1976 wani likita, Ho Wang Lee, ya gano ƙwayar a jikin ɓeran gona. Daga baya aka sami 'yar'uwarta a jikin manyan ɓeraye na birane, irin waɗanda jiragen ruwa suka baza ko'ina a duniya.

Ga yadda take kama mutum. Ɓera ya yi fitsari da kashi a rumbu, su bushe. Mai gida ya zo da tsintsiya, ƙura ta tashi, ya shaƙa. Bayan mako ɗaya ko biyu sai zazzaɓi mai zafi, da ciwon kai, da ciwon baya, idanu su yi ja. In ta yi tsanani jini ya riƙa zuba, ƙoda ta gaza, watau fitsari ya ragu ko ya ɗauke sarai.

A nan ƙasarmu kuwa ɓera yana da wata mugunyar tsaraba, zazzaɓin Lassa, wanda aka fara ganewa a 1969 a garin Lassa, ƙasar Barno. Ya fi yawa da rani, kuma shi yakan tashi daga majinyaci ya kama mai jinya.

To, in ɓera da sata, daddawa ma da wari. Mu ne muke kiransa da abincin da muka bari a buɗe. Saboda haka ku riƙe waɗannan:

1. Kafin ku share rumbu ko ɗakin da ya daɗe a rufe, ku buɗe shi ya sha iska rabin sa'a.
2. Kada ku share kashin ɓera a bushe. Ku yayyafa ruwan Hypo, awo 1 cikin ruwa awo 9, ku jira minti 5, sa'an nan ku kwashe. Ku rufe hanci da baki.
3. Ku rufe tukwane da randa. Ku toshe ramummuka, ku ɗana tarko.
4. Kada yara su ɗauki mushen ɓera da hannu, balle su gasa.

Wanda zazzaɓi ya ƙi sauka bayan ya sha maganin zazzaɓin sauro, ko fitsarinsa ya ragu, a kai shi asibiti ran nan, kada a jira gobe. A gaya wa likita ya yi aiki cikin rumbu. Ƙodar da ta gaza takan farfaɗo in an kai mutum da wuri.

Allah ya ba mu lafiya da zama lafiya. Sai wani makon.