Garkuwar Jiki Tsakanin Namiji da Mace



Tun da daɗewa likitoci suka lura cewa cuta ɗaya ba ta yi wa namiji da mace kamu iri ɗaya. Tarin fuka ya fi kama maza, haka kuma annobar korona ta 2020 ta fi kashe maza a yawancin ƙasashe. Aiki da zirga-zirga da shan taba suna da nasu rabo, amma akwai abin da ke cikin halitta kanta. Galibi jikin mace ya fi saurin gane ƙwayar cuta, ya kuma fi yawan haɗa makaman yaƙarta.

Tushen wannan yana cikin zaren gado, watau kuromozom. Mace tana da zaren X guda biyu, namiji kuwa X ɗaya da Y ɗaya, kuma a kan X ɗin nan ne umarni masu yawa na garkuwar jiki suke. A 1961 wata masaniya Baturiyar Ingila, Mary Lyon, ta bayyana cewa kowace ƙwayar jikin mace takan rufe bakin ɗaya daga cikin biyun. Sai dai rufin ba ya cika. Waɗansu umarnin sukan kuɓuce, su yi aiki ninki biyu. Ga kuma sinadaran jinsi: na mata yakan zuga garkuwa, na maza kuwa yakan lafar da ita.

Amma kaifin wuƙa ba ya bambance nama da yatsa. Cikin kowane mutum biyar masu fama da cututtukan da garkuwa ke juyowa ta yaƙi jikin mai ita, kusan huɗu mata ne. Cutar lufus kuwa, wadda kan taɓa fata da gaɓoɓi da ƙoda, takan kama mata tara kafin namiji ɗaya.

Inda al'amarin ya fi tayar da hankali shi ne wajen rigakafi, kuma a Afirka ta Yamma aka ga misalinsa. A 1989 Hukumar Lafiya ta Duniya ta yarda da wata allurar ƙyanda mai ƙarfin gaske, domin a yi wa jarirai 'yan wata shida. Niyyar kyakkyawa ce, don ƙyanda kan kashe jarirai tun ba su kai wata tara ba, kuma allurar ta kare su daga ita. To, amma da aka bi sawun yaran a Gini Bisau da Senegal, sai aka tarar 'yan matan da aka yi wa ita sun fi mutuwa da waɗansu cututtuka, alhali ba a ga haka ga maza ba. A 1992 aka janye ta. Ya kamata a fahimta sarai: wannan ba ita ce allurar ƙyanda da ake yi yau ba, wadda ta ceci rayukan miliyoyin yara. Abin lura shi ne, rarraba alƙaluman da aka yi, maza daban mata daban, shi ya fito da haɗarin a fili.

Duk da haka an daɗe ana gwajin magunguna galibi a kan mazan ɓeraye, wai don jikin matansu yana sassauyawa. Sai a 2016 ne babbar hukumar binciken lafiya ta Amurka ta wajabta wa masu neman kuɗinta su sa jinsi cikin lissafin bincikensu.