Ba a Fafe Gora Ranar Tafiya: Jawabin Ƙaddamar da Asusun Haɗin Gwiwar Hausawan Greensboro



Godiya ta tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki da ya nuna mana wannan rana. Tsira da aminci su ƙara tabbata ga Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa.

Malamanmu, Allah ya gafarta muku. Dattawanmu, Allah ya ƙara girma. Iyayenmu mata, waɗanda da adashinku aka fara wannan tafiya, sannunku da ƙoƙari. 'Yan'uwa na Nijar, da na Nijeriya, da na zangunan Gana, da 'ya'yanmu da aka haifa a nan, da manyan baƙinmu, barkanmu da zuwa.

Kowannenmu ya biyo titin Gate City Boulevard kafin ya iso wannan zaure, kuma daga sunan titin zan fara. Ma'anarsa titin Birni Mai Ƙofa. Bahaushe ba baƙon ƙofa ba ne. Wanda ya tashi a Kano ya san Ƙofar Mata da Ƙofar Nasarawa, Bakatsine ya san Ƙofar Soro da Ƙofar Ƙaura. A wurinmu ƙofa ita ce inda fatake ke shigowa, inda labari da arziki ke fara sauka. Greensboro ba ta da ganuwa. Jirgin ƙasa ne ƙofarta. An kafa garin a 1808, ya zauna ƙaramin gari har lokacin da tsohon gwamnan jihar nan, John Motley Morehead, ya dage a biyo da layin dogo ta nan, aka kammala shi a 1856. Kafin ƙarnin ya ƙare jirage sun mai da garin mahaɗa, daga nan laƙabin ya samo asali. A 2015 aka haɗe tsofaffin tituna biyu, Lee Street da High Point Road, aka raɗa musu wannan suna ɗaya.

Abin da dogo ya kawo shi ne masaƙa. Wa da ƙane, Moses da Ceasar Cone, suka buɗe masaƙar Proximity a 1896, suka ƙara da White Oak a 1905, wadda ta shahara a duniya wajen saƙa yadin jins. Wannan yadi kuwa launin baba ne a jikinsa, launin da marinan Ƙofar Mata suka shekara ɗaruruwa suna turawa. Uba ya yi aiki a masaƙa, ɗa ya gaje shi, jika ya biyo baya, har mutane suka ɗauka abin ba zai taɓa ƙarewa ba. Sai yadi mai araha ya fara kwararowa daga ƙasashen waje. Kamfanin saƙa na Burlington ya durƙushe a 2001, na Cone ya bi shi a 2003, White Oak kuma ta kashe injinanta a ƙarshen 2017, bayan shekara 112.

Jama'a, wannan labari ba sai an fassara mana shi ba. Mun ga dalar gyaɗa ta ɓace a Kano bayan dogo ya iso a 1911 ya ɗaga ta. Mun ga masaƙun Kakuri a Kaduna sun yi tsit, mun ga ciyawa ta rufe harabar masana'antu a Bompai da Sharaɗa. 'Yan'uwanmu na Maraɗi sun san yadda kasuwa ke kwanciya duk ranar da aka rufe iyaka. Da yawanmu irin wannan rufewar ce ta sa muka ɗauki jaka muka baro gida. Garin da ya jingina cikinsa da sana'a ɗaya, ranar da ta faɗi tare suke faɗuwa.

Abin da nake so mu tsaya a kansa shi ne yadda mutanen garin nan suka yi bayan faɗuwar. Kudu maso gabas da nan, kusa da ƙaramin garin Liberty, hukumar yankin Randolph da kamfanin layin dogo na jiha da wasu masu kishin garin nan suka riƙa sayen gonaki ɗaya bayan ɗaya, har suka haɗa fili mai faɗin eka kusan 1,800. Birnin Greensboro ya ɗauki nauyin kai ruwa da magudana. Duk wannan ana yinsa ne babu kamfani ko ɗaya da ya yi alkawarin zuwa. A Janairun 2018 aka kai gab da samu: Toyota da Mazda suna neman inda za su kafa masana'antar motoci, sai suka zaɓi Huntsville a jihar Alabama. Ranar an ji zafi. Amma ba wanda ya ce a yanka filin a sayar. Aka ci gaba da gyara, aka ci gaba da jira. A Disambar 2021 Toyota ta dawo, ta ce a nan za ta gina masana'antar batiran mota. Ta fara da jari dala biliyan 1.29, zuwa 2023 alkawarin ya kai dala biliyan 13.9 da aikin yi sama da 5,000. Mai haƙuri ya dafa dutse, ya sha romonsa.

Haka aka yi a filin jirgin sama na Piedmont Triad. An ware ƙasa, an shimfiɗa hanyoyi, kwalejin GTCC ta buɗe sashen koyar da gyaran jirgi a gefen filin. Yau Honda na ƙera ƙananan jiragenta a can, FedEx ta buɗe cibiyar rarraba kaya a 2009, kamfanin jiragen sama na Boom ya zaɓi wurin a 2022. Masu cewa Greensboro ta yi sa'a ba su ga shekarun da aka yi ana sharar gona kafin ruwa ya sauka ba. Ba a fafe gora ranar tafiya.

A 2020 majalisar birni ta amince da tsarin da ake kira GSO2040, wanda ya hango shekara ashirin gaba: inda za a cike filayen da ke zaune a tsakiyar gari, yadda mutum zai iya zuwa aiki ko ba shi da mota, yadda za a kawo jari unguwannin da aka bari a baya, musamman gabashin gari. A ƙidayar wannan shekarar mutanen garin 299,035 ne. Ƙaramar hukumar Dala kaɗai ta fi shi jama'a. Ƙanƙantarsa kuwa ba ta hana shi zama ya rubuta abin da yake so ya zama ba.

Ku bi wannan titi daga gabas zuwa yamma, za ku ga tsarin da idonku. Akwai makarantar binciken kimiyya da jami'o'in A&T da UNCG suka yi tarayya a kanta. Akwai Union Square, da aka buɗe a 2016, inda makarantu uku da asibitocin Cone ke horar da ma'aikatan jinya a rufi ɗaya. Akwai babban ɗakin wasanni na Coliseum tun 1959, akwai kasuwar Four Seasons. A tsakaninsu kuma akwai ƙananan shaguna na baƙi irinmu, masu sayar da shinkafa da manja, masu gyaran mota, masu kitso da ɗinki.

To mu ina gurbinmu a 2040? Mun zo garin nan da ƙarfin ƙwanji. Muna tuƙi, muna aikin dare a rumbunan kaya, muna kula da tsofaffi da marasa lafiya. Halal ce, kuma da ita muka ciyar da iyali a nan da can gida. Amma wanda ya shekara ashirin yana biyan haya, hannunsa babu takardar shago ko ta gida, ya gina garin wani bai aza tubali ko ɗaya na kansa ba.

Wannan shi ne dalilin asusun da muke ƙaddamarwa yau. Adashin da muka gada ne muka yi wa rajista da littafi. Ya tsaya a kan abu uku. Na farko, jari ga mai sana'ar da ya riga ya nuna da gaske yake, babu kuɗin ruwa, riba da asara a raba bisa yarjejeniya, domin sai da ruwan ciki ake jan na rijiya. Na biyu, tallafin karatun sana'a ga matasanmu, maza da mata, su zama ma'aikatan jinya, makanikan jirgi, injiniyoyin lantarki, don ranar da masana'antu suka buɗe ƙofa su same su a shirye. Na uku, wani kaso da ba za a taɓa ba, komai matsi, har sai ya isa sayen gini na kanmu. Manomi ba ya cinye irinsa saboda yunwar bazara.

Ga 'yan kwamitin da aka ɗora wa riƙon kuɗin nan: amana ce, za a tambaye ku a nan, za a tambaye ku gobe kiyama. A karanta lissafi a bainar jama'a, a sa mai bincike daga waje, kada a duba ɗan garinmu ko ɗan ƙasarmu wajen ba da jari. Ƙungiyoyi nawa muka gani sun watse a kan kuɗin da ba a rubuta ba?

Ga sauranmu kuma: zuwa da kai ya fi aike. Idan majalisar birni ta kira zaman jin ra'ayin jama'a kan titin nan ko kan hanyar bas, mu je mu zauna. Kuma mu riƙa tunawa cewa ƙofar da muka shigo wasu ne suka buɗe ta. Ranar 1 ga Fabrairun 1960, ɗalibai huɗu baƙar fata na A&T suka zauna a kantin Woolworth inda aka haramta musu cin abinci, suka ƙi tashi. Jikokin waɗanda suka sha wannan gwagwarmaya maƙwabtanmu ne a gabashin gari. Mu saya a wurinsu, mu yi tarayya da su, mu girmama su.

'Ya'yana da ke zaune a baya, a 2040 ku ne za ku tsaya inda na tsaya. Wataƙila da yawa daga cikin masu zubin farko ba za su ga ginin ba. Mun sani, kuma mun yarda, kamar yadda wanda ya dasa dabino ya san jikansa ne zai ci.

Da wannan, a madadin dattawa da kwamiti, nake ƙaddamar da wannan asusu da sunan Allah. Allah ya sa albarka a cikinsa, ya kare shi daga son zuciya da rarrabuwar kai. Allah ya zaunar da ƙasashenmu lafiya, ya zaunar da wannan gari da ya karɓe mu lafiya, ya jiƙan magabatanmu.