Gidan Zainab da Hasumiyar Gobara: Yawo a Unguwar Beyazit

Yau Istanbul za mu leƙa, wato Santambul a bakin kakanninmu.

Duk wanda ya taɓa zuwa sarin kaya Laleli, to ya taka ƙasar da zan ba ku labarinta. Ni ma rakiyar wani yayana na yi. Yana can yana ciniki, na gaji da zaman shago, na hau gangaren da ya nufi Beyazit. Can na hango wata doguwar hasumiya cikin harabar Jami'ar Istanbul. Na ɗauka ta masallaci ce. Ashe ta gadin gobara ce.

Tsayinta mita 85. Ta farko da katako aka yi ta a 1749, kuma abin dariya abin tausayi, ita ma wuta ce ta cinye ta. Sai a 1828 Sarki Mahmud na Biyu ya sa aka gina ta dutse. Masu gadi na zaune a sama dare da rana. In sun hango hayaƙi da rana, su rataya kwanduna; in da dare ne, fitilu. Daga nan 'yan aike su bazama unguwa-unguwa suna shela.

Me ya kawo wannan ɗawainiya? Yawancin gidajen birnin na katako ne, a manne da juna, ga lunguna matsattsu. Gida ɗaya ya kama, unguwa ta tafi.

'Yan kwana-kwanansu na da, ana ce musu tulumbaji, wato masu famfo. A zamanin Sarki Ahmed na Uku aka kafa su, a ƙarƙashin wani Bafaranshe da ya musulunta, ana kiransa Dawud. Babu mota fa. Mutum huɗu ke saɓa famfon a kafaɗa, su zura da gudu, in sun gaji wasu huɗu su karɓa. Da aka rushe rundunar Janisari a 1826, wadda suke ƙarƙashinta, sai unguwanni suka riƙa kafa nasu. Samari ne majiya ƙarfi, kowace unguwa na tinƙaho da nata. Wani lokacin ma gasar ta zarce, a kaure da faɗa a hanya, gidan mutane na can yana ci. Bayan babbar gobarar Pera ta 1870 aka ɗauko wani ɗan ƙasar Hungary, Szechenyi, ya tsara rundunar zamani a 1874.

To, ga inda abin ya taɓa ni. Ƙasa kaɗan da hasumiyar akwai wani katafaren gida, na Zainab Hanim, 'yar Muhammad Ali Pasha mai mulkin Masar, matar Yusuf Kamil Pasha. Su biyun ne suka gina asibitin Zeynep Kamil da ke Uskudar, wanda har gobe mata ke haihuwa a ciki. Daga baya gidan ya koma ajujuwan jami'a. A watan Fabrairun 1942 gobara ta lashe shi. Ga hasumiya a kusa, ga runduna ta zamani, amma bai tsira ba. Ginin tsangayar adabi da kimiyya ne a wurin yanzu.

Ina tsaye a nan sai kasuwar Sabon Gari ta faɗo mini a rai, da gobarar 2016. Mu ma lungunan namu a cushe suke, rumfa kan rumfa, wayar wuta a sarƙe, motar kwana-kwana ta zo ta rasa ta inda za ta shiga.

Tambayata gare ku: kuna da lambar 'yan kwana-kwanan garinku a wayarku? Ni dai a ranar ba ni da ita. In kai ma haka ne, nemo ta yau kafin hunturu ya kankama. Wanda kuma ya san wani tsohon gida a unguwarsu da gobara ta ci, ya ba mu labari.

Allah Ya tsare mu da dukiyoyinmu. Sai mun haɗu a shiri na gaba.