Amsa Ga Manomi Mai Ɗa A Kwaleji

Wani manomi ya rubuto mana daga Malumfashi yana kuka da ɗansa da ke kwalejin horon malamai, wai ya ƙi zuwa girbin dawa saboda aikin gida.

To Malam, yaron nan ba ƙarya yake ba. A karatun NCE, maki 40 cikin 100 daga aikin gida da gwaje-gwaje suke fitowa. In ya faɗi, maimaita darasin zai yi, kuɗin kuwa daga aljihunka.

Kai kuma ɗalibi, fara da aikin da ranar miƙa shi ta matso, sannan mai maki da yawa. Ka kammala kafin Juma'a, ranar Asabar ka ɗauki magirbi ka taya Baba.