GIGIN TSUFA DA ZARGIN MAITA: JAWABINMU GA AL'UMMAR GETSO DA KEWAYE

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jin ƙai. Dukkan yabo da godiya sun tabbata ga Allah (SWT) wanda Ya halicci mutum da rauni, Ya ba shi ƙarfi, sa'an nan Ya mayar da shi ga rauni da furfura. Tsira da amincin Allah su tabbata ga Annabi Muhammadu (SAW) da alayensa da sahabbansa da waɗanda suka bi tafarkinsu har zuwa ranar sakamako.

Bayan haka, ya ku malamanmu, da iyayenmu maza da mata, da 'yan'uwa da suka taso daga Gwarzo da Kabo da ƙauyukan da ke kewaye da Getso, maganarmu a yau a kan wani abu ce da ke cikin gidajenmu, amma kunya ta hana a faɗe shi a zaure. Ita ce maganar tsohon da ya fara ganin abin da babu, ko jin muryar da ba kowa ke ji ba, ko ya dage cewa an yi masa sata alhali ba a taɓa masa komi ba.

Kowa a nan ya san irin wannan gida. Tsohuwa ta ƙulle kuɗinta a bakin zane, ta tura ƙarƙashin katifa, ta manta. Da ta neme su ta rasa, sai ta ce matar ɗanta ce ta ɗauke. Gobe ta ƙi cin tuwo, ta ce an barbaɗa mata magani. Da goshin magariba ta nuna lungun ɗaki ta ce ga yara nan sun shigo, a kore su. Ɗan nan ya rasa inda zai sa kansa. Idan ya gaskata uwa ya zalunci mata, idan ya ƙaryata ta ya ji kamar ya saɓa mata. Aure nawa ya mutu a kan wannan, kuma zumunci nawa ya yanke?

ABIN DA SHARI'A TA FAƊA

Alƙur'ani ya ambaci wannan hali. A cikin Suratun Nahli aya ta 70, da Suratul Hajji aya ta 5, Allah Ya ba da labarin cewa akwai wanda ake mayarwa ga mafi ƙasƙancin shekaru, har abin da ya sani a dā ya kuɓuce masa. Imamul Buhari ya ruwaito cewa Manzon Allah (SAW) ya kasance yana neman tsari daga kaiwa ga wannan matsayi. Ke nan abu ne da yake cikin ƙaddarar ɗan Adam. Yana samun malami da jahili, mai kuɗi da talaka, salihi da fasiƙi.

Ku duba yadda malaman hadisi suka yi da shi. Suna kiransa ihtilaɗi, wato cakuɗewar hadda a ƙarshen rayuwa, har Ibnus Salahi ya keɓe masa babi a cikin littafinsa na ilmin hadisi. Manyan maruwaita irin su Aɗa'u ɗan Sa'ibu da Sa'idu ɗan Abu Aruba sun gamu da shi. Malamai sai suka karɓi abin da suka ruwaito kafin ruɗewa, suka tsaya ga abin da ya zo bayanta, kuma ba wanda ya kira su maƙaryata ko masu aljanu. Jariru ɗan Hazimu kuwa, da 'ya'yansa suka ga ya fara ruɗewa sai suka killace shi daga ɗalibai, don haka ba a ji komi daga gare shi a wannan hali ba. Sun tsare mutuncin mahaifinsu, sun kuma tsare hadisi. Wannan shi ne ma'aunin magabata: a girmama mutum, amma kada a gina hukunci a kan maganar da ya yi bayan hankalinsa ya raunana.

Hadisi ya tabbata cewa an ɗauke alƙalami daga mutum uku, ɗayansu shi ne wanda hankalinsa ya gushe, kuma Abu Dawuda ya yi nuni ga wata ruwaya da ta ƙara da tsohon da ya ruɗe. Saboda haka wanda gigi ya rinjaye shi ba a bin sa salla ko azumi, sakinsa ba ya aukuwa, cinikinsa ba ya ƙulluwa, shaidarsa ba ta karɓuwa, haka nan iƙirarin da zai yi a kan kansa. Zakka kuwa tana nan a cikin dukiyarsa a mazhabar Imamu Malik, waliyyinsa ne zai fitar.

ABIN DA LIKITOCI SUKA GANO

Abin da muke kira gigin tsufa ciwo ne a cikin ƙwaƙwalwa, kuma tsufa kaɗai ba ya kawo shi, don ga dattawa nan 'yan shekara 90 da hankalinsu garau. A shekarar 1906 wani likita Bajamushe mai suna Alois Alzheimer ya ba da bayanin wata mata da ta fara da zargin mijinta ba dalili, sa'an nan mantuwa ta biyo baya. Da ta mutu ya binciki ƙwaƙwalwarta ya ga ɓarnar da ciwon ya yi. Da sunansa ake kiran nau'in da ya fi yawa, wanda Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce shi ne kashi 60 zuwa 70 cikin ɗari, a cikin mutane fiye da miliyan 55 masu wannan lalura a duniya. Akwai nau'in da ke biyo bayan hawan jini da shanyewar ɓarin jiki, sa'ad da ƙananan jijiyoyin jini na ƙwaƙwalwa suka toshe. Akwai kuma wani nau'in da ya shahara da gane-gane, mai shi yakan ga mutane ko dabbobi ƙuru-ƙuru, tafiyarsa ta yi nauyi, jikinsa ya riƙa sandarewa.

Ido yana ɗaukar hoto ne kawai, ƙwaƙwalwa ce ke fassara shi. Idan mai fassara ya samu rauni, rigar da aka rataya a ƙusa sai ta zama mutum a tsaye, igiyar guga ta zama maciji. Wani yakan dubi madubi ya ce baƙo ya shigo masa ɗaki. Wani yakan dubi matarsa ta shekara 40 ya ce wannan ba ita ba ce, mai kama da ita ce. Wata tana zaune a ɗakinta za ta ɗaure kaya ta ce gida za ta, tana nufin gidan ubanta da ya rasu tun tana amarya. Yanar ido da nauyin kunne da duhun almuru duk suna ƙara abin. Ku sani tsohon nan ba ƙarya yake yi ba. Abin da yake faɗa shi yake gani, kuma tsoron da yake ji tsoro ne na gaske.

INDA SHAIƊAN KE SHIGA

Mun yi imani da samuwar aljanu, mun san sihiri gaskiya ne, domin Alƙur'ani ya faɗa. Amma maita irin wadda ake yayatawa, ta cewa wance ta kama kurwar wane, sai an sa ta tsallaka shi, al'adar jahiliyya ce marar asali a Littafi ko Sunna. A nan tsofaffi ke shiga haɗari ta fuska biyu. Ko dai tsohuwa ta ce ta ga maƙwabciya a ɗakinta da dare, a je wa boka ya tabbatar, a ɓata wa baiwar Allah suna. Ko kuma ita kanta ta fita da asuba, ta ɓata, a tsince ta a wani ƙauye ba mayafi tana sambatu. Jama'a su taru, a tambaye ta ko ita mayya ce, ta ce i, domin ba ta ma fahimci tambayar ba. Sai a ce ai da bakinta ta amsa.

Kada wani ya ɗauka zargi ƙaramin abu ne. A shekarar 2023, a ƙaramar hukumar Wudil, wasu mutane sun kashe wata dattijuwa 'yar shekara 67 a gonarta, saboda matar ɗayansu ta yi mafarki da ita. A watan Fabrairun 2025 babbar kotun Jihar Kano ta yanke wa mutum biyar hukuncin kisa. Rai ya salwanta, gidaje sun watse, asalin abin kuwa mafarki ne. A shari'a mai da'awa shi ke kawo hujja, kuma mafarki ba hujja ba ne, balle gane-ganen marar lafiya. Suratul Hujurati ta umurce mu da bin diddigin labari da nisantar zato, Suratul Ahzabi aya ta 58 ta yi gargaɗi ga masu cutar da muminai a kan abin da ba su aikata ba. Imamu Muslim kuma ya ruwaito cewa wanda ya je wa ɗan duba ya tambaye shi, ba a karɓar sallarsa ta kwana 40.

ABIN DA YA WAJABA A KANMU

Na farko, a kai shi asibiti. Idan ruɗewar ta zo farat ɗaya, cikin kwana ɗaya ko biyu, a gaggauta, domin sau da yawa zazzaɓi ne, ko ciwon mafitsara, ko ƙarancin ruwa a jiki, ko suga, kuma da an yi magani yakan dawo hayyacinsa. A fara da babban asibitin Gwarzo. Idan abin ya fi ƙarfinsu akwai likitocin ƙwaƙwalwa a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano da asibitin Dawanau. Shi ciwon gigi ba a samu maganin da ke warkar da shi ba, amma ana sassauta shi, ana kuma tare hawan jinin da ke ƙara shi. Muna gargaɗi da babbar murya, kada a saya wa tsoho ƙwayar barci a kemis. Wasu magungunan taɓin hankali suna iya hallaka mai nau'in gane-ganen nan. Neman magani sunna ne, Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ma ya wallafa littattafai a kan likitanci. Ruƙiyya ta shari'a da addu'a alheri ne, amma ba duka, ba hayaƙi, ba mari a ƙafa.

Na biyu, a daina gardama da shi. Wani zai ce, to mu yi masa ƙarya ke nan? A'a. Idan ta ce an sace mata kuɗi, ba sai ka ce an sace ba, ba kuma sai ka ce ƙarya take yi ba. Ka ce, "Inna, kwantar da hankalinki, bari mu duba tare." Ka san wuraren da take ɓoyo. Idan ta ce ga mutane a lungu, ka kunna fitila, ka sauke rigar da ke rataye, ka zauna kusa da ita, ka ja ta da hirar dā ko karatun surorin da ta saba, domin tsohuwar hadda ita ce ke daɗewa. Suratul Isra'i aya ta 23 ta hana ko da tsaki ga iyaye, kuma ta ambaci lokacin tsufansu musamman, domin Allah Ya san a nan ne haƙuri ke ƙarewa.

Na uku, a yi wa mai jinya adalci. Galibi wadda ke wanke tsohuwa da ciyar da ita, ita ce ake zargi, don ita ce kullum a gabanta. Ya kai maigida, ka tara danginka ka gaya musu ciwo ne, ka wanke matarka a gabansu, ka kuma sani hidimar mahaifiyarka a wuyanka take da 'yan'uwanka. A riƙa karɓa-karɓa, kada a bar mutum ɗaya ya gaji har ya faɗa cikin saɓo.

Na huɗu, muna kira ga limamai su faɗi wannan a huɗuba, malaman Islamiyya su koyar da shi a ajin matan aure. 'Yan agajinmu kuma, duk inda kuka ji an tara jama'a a kan tsoho ko tsohuwa, ku shiga tsakani, ku suturta su, ku ba su ruwa, ku kai su gidan mai unguwa ko dagaci har a gano danginsu. Iyalai su sanar da maƙwabta halin da ake ciki, su kuma ɗinka sunan gari da lambar waya a jikin rigar mai fita.

Ya ku 'yan'uwa, wanda ya yi tsawon rai a cikinmu bai da tabbacin zai kai ƙarshe da hankalinsa, kuma 'ya'yanmu suna kallon yadda muke yi da kakanninsu. Muna roƙon Allah Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, Ya saka wa masu jinya da Aljanna, Ya jiyar da mu daɗin jinmu da ganinmu da hankalinmu muddin muna raye, Ya sa mu cika da kalmar shahada. Abin da muka faɗa daidai daga Allah ne, kuskure kuwa daga gare mu ne da Shaiɗan.