Yini Guda A Jos: Wa Zai Cike Ramin?



Wanda duk ya sami yini guda a Jos, to, ya fara da gidan kayan tarihin da Bernard Fagg ya kafa a 1952. A can zai ga kawunan Nok na gasasshen yumɓu, waɗanda suka haura shekara 2,000. Masu haƙar kuza ne suka fara tono irinsu a 1928, kusa da ƙauyen Nok.

Da azahar ya nufi Rayfield. Tafkin da ke sheƙi a wurin ba haka Allah ya halicce shi ba. Ramin kuza ne da kamfanonin Turawa suka bari, ruwa ya cika shi. Irinsa da yawa a Filato sun cinye gonaki, suna kuma cin yara da dabbobi.

Da la'asar ya ƙarasa Assop, gindin Hawan Kibo, ya ga ruwa na kwararowa daga kan duwatsu, ƙasa yadda take kafin a taɓa ta.

Ku lura, haƙar da ta tono mana tarihi ita ce ta ɓata ƙasar noma. Gobe wasunku ne za su riƙa ba da izinin haƙar ma'adinai. Kafin ku sa hannu, ku tambaya: wa zai cike ramin?